Ƙumbar Malama Tabawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa tudu ya haƙa teku, ya halicci mai ƙashi da marar ƙashi, ya ba kowanne lokacin buɗe baki da lokacin rufewa. Ku da za ku karanta, ku yi mini haƙuri, ni ba gwanar labari ba ce. Sunana Azumi, daga Gangaren Ƙirya a ƙasar Jan Rairayi, inda babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin bayan gari. Karatuna bai wuce izu biyu ba, da ɗan rubutun da in na yi sai an karkata takarda kafin a iya karantawa. Amma na shiga Tekun Murjani, na taka tsibiransa goma sha ɗaya, na yi wa Malama Tabawa girki a cikin jirgi, kuma abin da idona ya gani shi kaɗai zan faɗa.

Wata biyar da aurena maigidana ya ce in ɗaure kayana. Shi mai jirgin ruwa ne, an ɗauke shi zai kai wata tsohuwar malama ƙarshen teku, ana neman mai girki. Sunansa ba zan faɗa ba. A garinmu mace ba ta kama sunan mijinta, ko a gabansa ko a bayansa. In ya zama dole sai in ce "mai jirgi", in bai zama dole ba sai in yi gyaran murya har ya waiwayo.

Kwana tara muka bi kogi har muka isa Gaɓar Gishiri, garin Malama. A hanya ya ba ni labarinta. 'Yar mai dafa gishiri ce, wadda tun tana yarinya take tsugunawa a bakin ruwa tana kallon ƙaguwa har a manta da ita. Shekara arba'in da uku ta yi tana binciken halittun teku waɗanda ba su da ƙashi, yadda suke numfashi, yadda jininsu ke gudana, yadda suke zama cikin gishiri bai kashe su ba. Ita ta nuna wa duniya cewa jinin ƙaguwa shuɗi ne. Ita ta ƙirga zuciya uku a jikin dabbar nan mai hannu takwas. Ta tara duka a Littafin Marasa Ƙashi, kuma babu tsibirin da ba ka samun ɗalibinta ko ɗalibin ɗalibinta yana koyar da shi.

Amma abin da ya sa masu jirgi ke cire takalmi in an ambace ta, wata 'yar ƙumba ce da ba ta wuce tafin jariri ba, wadda ba a samunta sai a Gaɓar Gishiri. Malama ta gano cewa ƙumbar nan tana buɗe baki in teku ya ciko, ta rufe in ya janye, ko da an sa ta a tukunya an rufe ta a ɗaki. Tun daga nan kowane jirgi yake tafiya da tukunyarsa ta ƙumba, don sanin numfashin teku a inda ido ba ya gani.

Na yi zaton zan ga mace mai alkyabba. Sai na tarar da 'yar tsamurmurar tsohuwa, zane ɗaure a ƙirji, hannu duk tabon cizon ƙaguwa, idanunta sun fara fari. Ta kai ni wani ɗakin dutse mai sanyi, kasake goma sha biyu jere a ƙasa, ta ce, "Ki share, ki kula mini da baƙina. Zan je a duba jirgi."

Da ta fita na leƙa. Ga tsutsa mai gashi kamar furen auduga, ga wata mai kamar tauraro, ga ƙaguwa, ga ƙumba. Na tsoma yatsa na ɗanɗana ruwan, sai na ji gishiri har ƙwaƙwalwa. Tausayi ya kama ni. A gidanmu ko kaza ba a ba ta irin wannan ruwa, balle baƙo. Na kwashe shi duka na zubar, na ɗebo na rijiya mai daɗi na cika musu.

Daga azahar zuwa la'asar ina tsugune ina kallon abin da hannuna ya jawo. Sun kumbura, sun yi fari, sun daina motsi ɗaya bayan ɗaya. Da Malama ta dawo tun daga ƙofa ta shaƙi iska ta tsaya. Na durƙusa, na kasa ko kuka.

Ta ce, "Ruwan rijiya?"

Na gyaɗa kai. Na manta ba ta gani sosai.

"Ke, da baki ake amsa wa makaho."

"E, Malama."

Na ɗauka korata za ta yi. Sai ta ce, "Wace ce ta fara mutuwa?"

Na ce mai kamar tauraro. Daga ita sai tsutsar mai gashi, ita kuma sai da ta yi biyun girmanta. Ƙaguwa ba ta mutu ba, amma ta yi ta fitar da ruwa ta ƙarƙashin ido. Ƙumba kuwa tun ɗigon farko suka datse baki.

"Ta ƙarƙashin ido kika ce? Hagu ko dama?"

"Duka biyun, Malama. Na hagu ya fi."

Sai ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Abin da na yi shekara shida ina gwadawa da cokali, ke kin yi shi da guga a yini ɗaya. Kin kashe mini baƙi, 'yata, amma kin kalle su. Ɗalibaina da yawa littafi suke kallo." Ta miƙo mini wata 'yar wuƙa ta ce daga yau duk abin da na gani in yi masa zane a jikin katako, kada in gaya mata abin da nake zato, sai abin da na gani.

Cikin ƙumbar da na wahalar akwai uku da bakinsu ya ɗan gutsure. Malama ta ce a mayar da su teku, ba za a dogara da su ba. Ni kuwa na ji kunyar jefar da abin da na cuta, sai na sa su a ɗan tulu na ɓoye cikin kayana.

Da yamma ta gaya mana dalilin tafiyar. A ƙarshen teku akwai wani wuri, Mashigin Yashi. Can ne ruwan sha na ƙarshe yake, a gindin wani dutse, amma jirgi ba ya isa, sai an taka yashi tafiyar rabin yini. Daga gaɓa kullum busasshen yashi kake gani har iyakar ido. Amma akwai kwari a tsakiya, kuma in teku ya ciko ta bayanka yake zagayowa, da gudun da ya fi na doki. Don haka ba a tashi sai ƙumba ta rufe baki. Shekara da shekaru ana haka lafiya ga wasu, amma a shekara tara ayari bakwai sun shiga ba su fito ba, kowanne da tukunyarsa.

Ta ce, "Sun amince da maganata suka shiga. Ba zan mutu ban san abin da ya cinye su ba."

Ranar tashi maigidana ya karɓi tukunyar ƙumba da hannu biyu. Ya kai ta tsakiyar jirgi kusa da murhuna, ya yi mata gammo, ya lulluɓe ta da sabon bargo. Na yi gyaran murya na ce wurin ya matse. Ya ce haka kowane mai jirgi yake yi, kayan Malama ba a ajiye su a lungu kamar tsumma, nan ne wurin da ba jijjiga, nan ne wurin girma. Ita Malama ba ta taɓa wuce tsibiri na biyu ba a rayuwarta, duk aikinta a ɗakin dutse ta yi shi, don haka ba ta tambayi inda aka ajiye tukunya ba. Nawa tulun na rataye shi a ƙarƙashin katakon bayan jirgi, inda rana ba ta kai, ruwa yana ɗan lasarsa.

Na ga abubuwa a tekun nan. Na ga tsibirin da ƙasarsa duk farin wuri ne irin na kuɗin da, in ka taka yana ƙara kamar ana tauna aya. Na ga halittu kamar laima, jikinsu kamar kunun kanwa da ya huce, suna tafiya dubu-dubu ba kai ba ƙafa. Malama ta sa na kamo ɗaya a ƙwarya na ƙirga mata bugunsa, sau nawa kafin in karanta Fatiha. A kowane tsibiri mutane suna fitowa da gudu, malamai masu furfura suna durƙusawa suna cewa ita ta koya wa malaminsu. Ita kuwa tambayarta ɗaya ce: "Me ka gani da idonka bana wanda babu a littafi?" Yawanci sai su sunkuyar da kai.

A kwana na tara muka isa Tsibirin Kwakwa, inda ƙaguwa ta kai girman akuya, tana hawa bishiya. Ɗaya ta sace mini ludayi ta hau da shi sama, sai da Malama ta ce in gasa kwakwa a gindin bishiyar, ƙamshi ya sauko da ita ta saki ludayin. A nan babban ɗalibinta yake, Malam Cindo, shugaban makaranta mai ɗalibai ɗari uku. Ya haddace littafin daga bango zuwa bango. Da ya ji dalilin tafiyar sai ransa ya ɓaci.

"Allah ya gafarta Malama, littafi ba ya kuskure. Masu jirgi ne jahilai, ba su san buɗe daga rufe ba."

Maigidana ya ce, "Malam, mu jahilan mu muke kawo maka takarda."

Malama ta ce, "Cindo, ni na rubuta shi, kuma na san ranar da nake ciwon haƙori nake rubutu."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauko jakarsa ya ce zai bi mu, don ya wanke sunan littafi da kansa. Tun da ya shigo jirgi bakina ya ƙara mutuwa. "Ke matar mai jirgi" yake ce mini, ba ya kallona sai in gishiri ya yi yawa.

Ni dai ina zanena. Duk sa'ad da ƙumba ta buɗe sai in duba inda inuwar jigon jirgi, dogon itacen nan na tsakiya, ta tsaya, in yi zane a katakon baya. Layi ɗaya na tukunyar Malama, layi ɗaya na tuluna. Da farko tare suke tafiya. Kullum buɗewarsu tana ja baya da kamar lokacin da tuwo ke ɗauka ya nuna, sai zanen ya fito a karkace kamar matakala. Amma daga kwana na goma sha biyar layin tukunya ya fara miƙewa. A kwana na goma sha takwas ya tsaya cak. Tana buɗewa da sassafe sa'ad da nake hura wutar koko, ta rufe da hantsi, ta sake buɗewa da la'asar sa'ad da nake ɗora tuwo. Na tuluna kuwa suna nan suna ja baya.

Na ɗauka nawa ne suka lalace, tunda ni na cuce su. Duk da haka na gaya wa maigidana, muna wanke kwano.

Ya ce, "Ƙumba mai gutsurarren baki za ki gwada da ta Malama? Ke dai ki bar Malam Cindo ya ji, ya yi miki wa'azi har mu isa."

Sai na ci gaba da wanke kwano.

A kwana na ashirin da ɗaya da hantsi jirgi ya tsaya kamar an taka shi. Wani hannu ja mai kaurin turmi ya hauro ta gefe, na biyu ya biyo, na uku ya naɗe jigo. Mai hannu takwas ce, irin wadda Malama ta ƙirga wa zuciya, amma wannan ta kai rumbu. Idonta ɗaya ya leƙo, faɗinsa kamar faifai, yana kallonmu ba fushi ba tsoro, kamar mai duba kaya a kasuwa. Maigidana ya sara da gatari, gatarin ya dawo kamar ya sari danƙo. Malam Cindo ya rungume littafi yana ihu, "Babi na tara! Babi na tara ya ce ba ta wuce kamu shida!"

Jirgi ya fara karkata. Malama ta riƙe gefe ta ɗaga murya. "Azumi! Me kika yi wa baƙina?"

Ban tsaya amsawa ba. Na tura randar ruwan shanmu da kafaɗa, ta kife a kan hannun da ya naɗe jigo. Hannun ya yi fari ya murɗe. Na ɗauko ta biyu, maigidana ya kama mini, muka juye mata a ido. Ta saki jirgi gaba ɗaya, ta feso wani baƙin ruwa kamar tawada, ta nutse.

Muka tsira, amma ruwan da ya rage bai cika buta biyu ba. Kwana biyu ban hura wuta ba, don ba abin da zan dafa da shi, sai busasshen kifi da dabino. A kwana biyun nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Murhu a sanyaye, ba wuta ba hayaƙi, amma tukunyar Malama ta buɗe da sassafe, ta buɗe da la'asar, daidai lokacin girkina, kamar yaran gida da suka saba.

Muka isa Mashigin Yashi a kwana na ashirin da uku, leɓunanmu sun tsage. Wuri ne da ba kowa, fari fat, dutsen yana can nesa kamar ƙwayar gero. Da asuba na leƙa tuluna na ga nawa a rufe, kuma bisa zanena sun jima da rufewa. Tukunyar Malama kuwa a buɗe take. Da hantsi ta rufe.

Malam Cindo ya ce, "Alhamdu lillahi. Teku ya janye yanzun nan. Mai jirgi, ɗauki salka."

Maigidana ya rataya salka huɗu. Malam Cindo ya ce zai raka shi, littafi a hammata, don a shaida. Na tsaya a gefe ina lissafi da yatsu. In nawa ne masu gaskiya, teku ya janye tun kafin asuba, kuma zai dawo daidai lokacin da suke tsakiyar kwari. In kuwa nawa ne masu ƙarya, na tsayar da mutane masu ƙishirwa saboda ƙumba uku da aka ce in jefar, na kuma ƙaryata littafi a gaban mai shi. Na yi gyaran murya. Maigidana ya waiwayo ya ce, "Kada ki damu, gobe war haka kin sha har ki yi wanka." Ya sauka.

Ina kallonsu suna ƙanƙancewa. Ƙafata ta kai ni wurin Malama ba da shawarata ba. Na durƙusa.

"Malama, ban jefar da ƙumbar nan uku ba."

"Na sani. Ina jin ki kina canja musu ruwa. Sai me?"

"Ba sa tafiya tare da naki."

Ta juyo gaba ɗaya. "Zato ko gani?"

"Gani."

Na kama hannunta na kai ta bayan jirgi, na ɗora yatsunta a kan zanen. Ta bi layin tuluna, matakala har ƙasa. Ta bi na tukunya, ya karkace, ya karkace, sannan ya miƙe. Yatsanta ya tsaya a nan.

"Wannan wane lokaci ne?"

"Lokacin koko. Wannan kuma na tuwo."

"Ina tukunyar take?"

"Jikin murhu, Malama. An lulluɓe ta da bargo. Haka duk masu jirgi suke yi, don girmanki."

Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ta ce a hankali, "Ɗumi sau biyu a yini. Ta manta teku ta koyi murhu." Sai ta damƙe hannuna har ya yi zafi. "Kira shi. Muryata ba za ta kai ba."

Na hau kan katako na ce, "Mai jirgi!" Iska ta kwashe. Na ce, "Maigida!" Ko gezau. Sun yi nisa har ba na bambanta rigunansu. Malama ta ce, "Ke, wannan kiran kowa ne. Kira shi da abin da uwarsa ke kiransa."

Na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na tuna kakata, wadda ta yi shekara hamsin da aure ta mutu ba a taɓa jin sunan kakanmu a bakinta ba. Sannan na dubi farin yashin nan. Na cika ƙirjina, na buɗe bakin da ban san ina da shi ba.

"Nomau!"

Ɗaya daga cikin ɗigon biyu ya tsaya kamar an harbe shi. Ya juyo. Na cire mayafina ina kaɗawa. Na ga suna jayayya, hannu yana tashi, ɗayan ya ci gaba da tafiya, na farkon ya bi shi ya fizge wani abu daga hammatarsa ya juyo da gudu. Ashe littafin ya ƙwace. Malam Cindo kuwa ya biyo littafinsa har jirgi, yana haki yana Allah ya isa.

Da ya ji bayani ya ce, "Allah ya gafarta Malama, shekara arba'in da uku za a ajiye saboda zanen mai tuwo?"

Ta ce, "Ba a ajiye komai ba tukuna. Za a jira. In nata sun buɗe kafin azahar, ka zauna. In ba su buɗe ba, ni zan ba ka haƙuri."

Muka kewaye ɗan tulun mu huɗu. Rana ta hau. Kafin inuwar jigo ta gama shigewa gindinsa, ƙumbar farko ta ɗaga gutsurarren bakinta, ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Ba a jima ba iska ta juyo da sanyi, ta kawo wata ƙara daga can tsakiyar yashi, kamar garken shanu na gudu a nesa. Tsuntsaye suka tashi fari fat daga inda ba ma gani. Malam Cindo ya zauna a kan igiya. Leɓensa suna ta motsi.

Da nawa suka sake rufewa bayan la'asar, maigidana ya tafi shi kaɗai da sauri. Ya kwana a gindin dutse, ya dawo washegari a janyewa ta gaba, salka huɗu cike. Muka sha har cikinmu ya yi ƙara. Sannan ya kwance gefen rigarsa ya zube wasu katanga a gaban Malama, fasassun tukwane da ya tsinto a tsakiyar kwari, inda ruwa ya tara su.

Ya ce, "Sun fi ashirin a can. Na duba duk wanda na iya."

Ta ɗauki ɗaya ta shafa, ta kai hanci. Kowace gefe ɗaya baƙi ne ƙirin da hayaƙin murhu.

Ta jima tana riƙe da ita. Ta ce jiragen da iska ta taimaka suka iso cikin kwana goma, ƙumbarsu ba ta kai ga mantawa ba, su ne suka tsira. Waɗanda suka yi jinkiri su ne waɗannan. Ta ce, "Na rubuta cewa ba ta mantawa ko ina aka kai ta. Ni kuwa ban taɓa kai ta ko'ina ba sai ɗakina." Ta yi musu addu'a ayari-ayari, ta san sunan kowane mai jirgi a cikinsu.

Sannan ta ce, "Cindo, buɗe babi na huɗu. Ja layi a kan wannan magana."

Ya buɗe ya ja. Ya tsoma alƙalami zai rubuta gyara, ta ce a'a, a ba wadda ta gani.

Na ce, "Malama, rubutuna karkatacce ne."

"Zanenki ma karkatacce ne, shi ya sa mijinki yake numfashi. Rubuta."

Na rubuta a gefen shafi: A ajiye ta a inuwa, nesa da wuta, inda ruwan teku ke taɓa tulun. Malam Cindo ya karkata littafin ya karanta, ya gyara mini harafi ɗaya, ya ce, "Malama Azumi, wannan wasalin a sama yake." Ban san wanda ya fi jin nauyi ba tsakanina da shi.

Ba mu koma gida kai tsaye ba. Malama ta sa muka bi tsibiran goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya. A kowanne sai ta tara malamai da masu jirgi, ta tsaya da katangar tukunya a hannu, ta karanta kuskurenta da bakinta, Malam Cindo yana riƙe mata littafi. Wasu ɗaliban suka yi kuka, wasu suka ji haushi. A tsibiri na shida wani ƙaramin malami ya tashi yana in-ina ya ce shi ma ya ga wani abu a jinin jatan lande wanda bai dace da babi na bakwai ba, shekara biyar yana ɓoyewa. Malama ta ce a kawo mata tabarma, ba inda za ta sai ta ji. Kwana huɗu muka yi a can.

Ta rasu bayan damina biyu, a ɗakinta na dutse. Yanzu in yaro ya shiga makarantar marasa ƙashi a ko'ina cikin Tekun Murjani, shafin da aka ja wa layi shi ake fara buɗe masa. Masu kwafar littafin har karkatar rubutuna suke kwafa, na roƙe su su daina sun ƙi. Kasake goma sha biyun suna hannuna. Ɗalibai suna zuwa da tambaya, ina amsa musu ina kallon ƙasa, kuma ban sake ba wa baƙo ruwan rijiya ba sai na tambayi daga inda ya fito.

Shi kuwa mai jirgi, tun ranar bai bar ni na huta ba. Muna barin Mashigin Yashi ya zo ya tsuguna kusa da murhu, inda tukunya take a da, ya ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Me?"

"Sunan. Na ɗauka ba a gaya miki ba ranar ɗaurin aure. Wallahi ba don ruwa na juyo ba, cewa na yi bari in ga wace mara kunya ce wannan. Sake faɗa in ji."

Na ce tuwo zai ƙone.

Shekara shida ke nan yana roƙo, wani lokaci har da tsarabar murjani. Ban sake faɗa ba. Ko a wannan takarda sau ɗaya na rubuta shi, kuma sai da na tabbata ya fita duba jirgi. Nan labarina ya janye kamar yadda teku ke janyewa. Abin da na gani na faɗa, abin da ban gani ba na bar wa mai ido na gaba.